Mangwaro da kirim a zafin Kano: yadda na ƙanwata ya tsinke da yadda aka gyara

Ƙanwata a gefen Na'ibawa take aure a Kano, kuma azumin 2024 shi ne na farko da tayi a ɗakinta. Duk wanda yayi wannan azumin a Kano bai manta ba, an ɗauka 11 ga Maris aka yi sallah 10 ga Afrilu, wato gaba ɗaya a cikin bazara, zafin rana yana taɓa digiri 40, ga wuta a kawo a ɗauke ba lokaci. A goman ƙarshe surukarta da ƙannen miji mata suka ce zasu zo shan ruwa, ita kuma tana son ta fito da wani abu mai sanyi wanda ba zoɓo ba ba kunun aya ba, tunda waɗannan kowane gida ana yi. Ta ga bidiyo a waya na haɗin mangwaro da kirim, wanda ake jerawa a kofin gilas hawa-hawa, rawaya fari rawaya fari, mai bidiyon ta gama cikin minti ɗaya tana murmushi, sai tace ai wannan ba wuya.

Abin da ta ɗauko daga firij bayan magariba ba shi ta gani a bidiyo ba. Hawa-hawan nan duk sun haɗe, ruwa rawaya ya kwanta a ƙasan kofi, a sama wasu ƙananun gudaji masu maiƙo suna yawo, in ka kai baki kuma ga zare yana shiga haƙori ga wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Bata kai musu ba, ta yanka kankana ta fitar, bayan sun tafi ta kirani muryarta a ƙasa tace "Yaya wallahi komai na bi yadda matar tayi, ko kirim ɗin ne jabu?" Nace mata kafin mu ɗora wa kirim laifi bani labarin ranar tun daga safe, kar ki tsallake komai. Labarin da ta bani ne yasa nake rubuta wannan, domin mata da yawa suna zuba kuɗi a wannan haɗin su tashi da irin abin da ta tashi da shi, kuma kayan nan ba araha suke ba.

Ga yadda ranar ta tafi. Mangwaron maigidanta ne ya siyo a kasuwar Ƴan Lemo tun jiya, leda guda na ƙananan nan masu zare, wasu sun nuna wasu da saura, ta juye su duka a firij. Kirim ɗin na ruwa ne na kwali, ita ta je ta siyo da rana tsaka ta dawo da shi a adaidaita, ta saka a firij ɗin da tun hantsi babu wuta. Bayan la'asar ta ɗauko, a kicin ɗin da take suyar ƙosai da doya da ƙwai, ta zuba a roba ta kunna janareta ta sa miksa. Yaƙi tashi, ta cigaba da bugawa, ya fara kauri kaɗan sai ta ga kamar bazai isa mutum takwas ba ta fasa madarar gwangwani ta ruwa ta ƙara. Mangwaron kuma da ta sa a bilenda yaƙi juyawa saboda zare, sai ta zuba ruwa rabin kofi. A ƙarshe akwai ragowar abarba ta yayyanka ta sa a tsakani don ado. Ta jera, ta mayar firij ɗin da har lokacin ba sanyi, ya zauna kusan awa uku.

Da ta gama nace mata kirim ɗinki lafiyarsa ƙalau, zafi ne da ruwa suka kashe miki aiki, kuma kusan kowane mataki da kika ɗauka ko zafi ya ƙara ko ruwa.

Mu fara da kirim ɗin tunda shi ne mai tsada. Abin da yake sa wifin kirim ya tashi ya tsaya shi ne maiƙon da ke cikinsa, sai ya kai aƙalla kashi 30 cikin ɗari sannan yake buguwa, masu kyau suna kai 35 zuwa 36. In kina bugawa iska kike turawa ciki, ƙananun ƙwayoyin maiƙon nan su kewaye kumfar su riƙe ta, amma fa basa iya riƙewa sai suna a daskare-daskare, shi yasa ake son kirim ɗin ya fito daga sanyin firij na gaske, wajen digiri 4 zuwa 7. Da zarar ya ɗumama maiƙon yayi laushi, kumfar ta dinga fashewa, ke kuma kina ganin bai tashi ba sai ki ƙara ƙarfin miksa, to daga nan sai maiƙon ya dunƙule ya rabu da ruwa. Abin da matan Fulani suke yi ne da gangan in suna kaɗa nono don su cire man shanu, ita ƙanwata tayi shi ba da niyya ba, gudajin nan da ta gani suna yawo farkon man shanu ne. In ya kai nan baya komawa, ko an dawo da wuta ko an sa a firiza. In dai kin lura da wuri, lokacin da ya fara yin ɓarzo-ɓarzo bai rabu ba tukuna, zaki iya zuba ɗan kirim mai sanyi wanda ba a buga ba ki juya da cokali a hankali ya dawo, amma wannan sai kina da ragowa.

Madarar gwangwanin da ta ƙara ita ce ta biyu. Ana ganin tana da kauri sai a ɗauka ƴar uwar kirim ce, alhali maiƙonta bai kai kashi 10 ba, wato in kika zuba ta a kirim kin sauke wancan 35 ɗin ƙasa, ko da sanyi ma zai yi wuya ya tsaya. Wadda ake sa wa a wannan haɗin ita ce kondens, mai kaurin nan mai zaƙi da take zuba kamar zuma, ita an ƙone yawancin ruwanta an cika ta da suga, shi yasa take ƙara jiki bata tsinka abu. Ita ma ba a juye gwangwani guda, musamman in mangwaron yana da zaƙi.

Sai mangwaron, kuma a nan na fi daɗewa da ita a waya domin ni a wajena rabin aikin a kasuwa ake gama shi. Mangwaro kansa fiye da kashi 80 ɗinsa ruwa ne, to wanda ya ƙara masa ruwa a bilenda lemo ya haɗa. Ɗan ƙaramin nan mai zare da muka taso muna tsotsa har ƙwallo yayi fari, daɗinsa ba a magana kuma ƙamshinsa yafi na manyan, amma ba na yankawa ba ne, in dole da shi za'ayi sai a matse shi da hannu a tace a rariya mai laushi a danna da bayan ludayi, a bar zaren a sama. Wanda ya dace da wannan aikin shi ne mai aure, irin su fita da binta suga da paparanda, masu tsoka da wuƙa take wucewa sumul. Kuma ya zama ya nuna da kansa, in kika danna kusa da hancinsa ya ɗan lotsa, kika sansana kika ji ƙamshi tun ba a fere ba. Kalar ɓawo bata cika faɗin gaskiya ba, akwai wanda yake kore shar amma cikinsa ya nuna, akwai kuma wanda yayi rawaya tas cikinsa da tauri da tsami ba ƙamshi, irin wannan ni ina zarginsa da kabayid, sinadarin nan na masu walda da wasu suke nuka kayan marmari da shi, wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kansa. Bana saye.

Juye su da tayi a firij tun basu gama nuna ba shi ma ya cuce ta. Mangwaro ɗan ƙasar zafi ne, ɗanyensa in ya ji sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 zuwa 13 nunarsa tana lalacewa, ƙamshin baya fitowa yadda ya kamata. A waje ake barinsa, in ana sauri a sa shi a kwali ko a naɗe a takarda da ayaba ɗaya a ciki, iskar da ayabar take fitarwa tana hanzarta shi. Sai ya nuna sannan ya shiga firij. Kuma tsamin wanda bai nuna ba yana da nasa aikin a jikin madara, sinadarin furotin na madara yana kamewa ya rabu in tsami yayi yawa, kamar yadda kowa ya sani in lemon tsami ya shiga madara. Kirim mai maiƙo sosai yana jure wannan, amma ita ta riga ta sirka nata da madarar ruwa.

Ɗacin kuma abarba ce. Ɗanyar abarba da gwanda suna da wani sinadari mai narka furotin, shi yasa wasu suke sa su a nama don yayi laushi, to in suka zauna a cikin madara ko kirim na wasu awanni, balle a ɗumi, sai ɗaci ya fito. In ana son abarba a kai, a ɗora a daidai lokacin da za'a miƙa wa mutum, ko a fara dafa ta kaɗan domin wuta tana kashe wannan sinadarin.

Akwai abin da na faɗa mata wanda yafi duk waɗannan muhimmanci a wajena, shi ne gara da bata kai musu ba. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kayan madara kada su wuce awa biyu a waje, in zafin wurin ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya ce kacal. Firij da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa huɗu ne in ba a buɗe shi ba, nata kuwa tun hantsi ake buɗewa ana rufewa ana ɗaukar ruwa da kayan miya. Mutanen da suka wuni da azumi cikinsu ba komai, ga dattijuwa a ciki, a basu kirim ɗin da ya wuni a ɗumi, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne ko da ace ya tsaya yayi kyau a ido.

Ta ce to Yaya in haƙura kenan sai sanyi ya shigo? Nace lokacin sanyi ina zaki samu mangwaro, ai shi da zafi tare suke zuwa, dabara za'a sake. Muka tsara na ranar sallah, tunda dama zasu dawo cin tuwon sallah.

Abu na farko da muka canza shi ne kirim ɗin. Na ce ta je shagon masu kayan kek ta siyo wifin kirim na gari. Wannan ba daga madarar saniya maiƙonsa yake ba, yawanci man itatuwa ne irin na ƙwarar manja, da suga a ciki da abubuwan da suke riƙe kumfa, baya buƙatar firij kafin a haɗa shi kuma in ya tashi yana jure ɗumi fiye da na kwali nesa ba kusa ba. Zan faɗi gaskiya, a ɗanɗano bai kamo ƙafar na madara ba, yana barin wani maiƙo a dasashi kuma zaƙinsa yana hawa kai, duk mai sola ko tsayayyar wuta ni na kwalin zan ce ta saya. Amma gidan da firij yake aiki rabin rana, na garin shi ne mai rufin asiri. Don a kashe wannan maiƙon sai muka kawo kindirmo. Ta sayi mai kyau marar ruwa, ta juye a farin ƙyalle mai tsabta ta ɗaure ta ɗora a rariya da kwano a ƙasa, ta sa a kula mai ƙanƙara ya kwana yana tsanewa, da safe ya koma kamar cuku mai laushi. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, a Indiya, ƙasar da tafi kowacce noman mangwaro a duniya, mutanen Gujarat da Maharashtra suna tsane nono haka su haɗa da suga da markaɗaɗɗen mangwaro, suna ce masa amrakhand, ba ma kirim a ciki. Ɗan tsamin kindirmon nan shi yake tada ɗanɗanon mangwaro, kuma tunda ya riga yayi tsaminsa babu zancen ya kame.

Na biyu, muka daina dogaro da firij kwata-kwata. Daren sallah maigidan ya siyo manyan ƙanƙara wajen masu sayarwa aka cika babbar kula, aka ware ta don wannan aikin kawai, ruwan sha yana wata daban don kar a dinga buɗewa. Kwanon silba da kan miksa da ruwan leda biyu duk suka kwana a ciki. Silba ba roba ba, domin ƙarfe yana ɗaukar sanyi ya riƙe. Da asuba bayan tayi sallah, kafin a kunna risho ko gas a kicin, ta fito falo ta zauna, ta zuba fasasshiyar ƙanƙara a babban baho ta ɗora kwanon silbar a kai, a haka ta buga. Ruwan da aka rubuta a jikin ledar garin na ce ta rage kaɗan, tunda mangwaro zai kawo nasa. Ta fara a hankali sannan ta ƙara gudu, da ta ɗaga miksa ta ga tsinin ya tsaya bai faɗi ba ta kashe. Wanda bashi da miksa maburgin ƙarfe yana yi, hannu ne dai zai gaya masa.

Mangwaron manya guda biyar ne masu aure, an siyo su da sauran kwana suka ƙarasa nuna a kwali. Ta wanke su sosai kafin ta fere saboda ƙaron nan na wajen hanci, yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a leɓe, dangin kashu ne ai shi mangwaro. Uku ta markaɗa ba ɗigon ruwa, in bilenda ta tsaya sai ta kashe ta tura da cokali. Ta tace, sannan ta zuba a tukunya ta ɗora a wuta kaɗan tana juyawa kamar minti goma har ya ɗan ƙafe yayi kauri, wannan tun daren ta yi shi ya huce ya kwana a kula. Wasu basa son dafawar don ƙamshin yana ɗan sauyawa, kuma suna da gaskiya, shi yasa sauran biyun bamu taɓa su da wuta ba, ta yanka su ƙanana ta baza a rariya suka tsane, su suke dawo da ɗanyen ƙamshin a baki.

Haɗawar da hannu ce ba da miksa ba. Ta dama kindirmon da kondens cokali uku har yayi sumul, ta ɗebi kirim ɗin kashi-kashi tana sa wa tana juyawa daga ƙasa zuwa sama a hankali don kar iskar ta fita. Ta ɗanɗana ta ce kamar da sauran zaƙi, na ce bar shi haka, garin kirim da sugansa yazo, mangwaron ma da nasa, kuma tsofaffi da yawa yanzu suna kaffa-kaffa da suga. Gishiri ɗan mitsitsi ta sa, filebo kuwa na hana ta, fanila tana danne mangwaro.

Sannan biskit. Wannan dabarar daga Filifin take, can suna da wani abin zaƙi da suke kira mango float, biskit na graham da kirim da kondens da mangwaronsu na carabao a jera a faranti mai zurfi a bari ya kwana a firij, ba murhu ba komai. Amfanin biskit ɗin ba ado ba ne kawai, duk ruwan da mangwaro ya saki shi yake shanyewa yayi laushi kamar kek, maimakon ya taru a ƙasan kofi. Graham yana wuyar samu a nan, biskit marar kirim a tsakiya irin wanda ake shan shayi da shi yana yin aikin. Ta daka shi sama-sama ba lukwi ba, ta sa a ƙasan kowane kofi, sai kirim, sai markaɗen, sai yankakken, sai ta sake biskit kaɗan da kirim. A ƙananan kofunan roba masu murfi ta zuba maimakon babban kwano ɗaya, domin ƙarami yafi saurin ɗaukar sanyi kuma ana fito da iya wanda za'a sha ne sauran suna kwance a ƙanƙara. Ta jera su a faranti a saman ƙanƙarar yadda ruwan narkewa bazai taɓa murfin ba, ta rufe kular ta lulluɓa mata bargo a ɗakin da rana bata bugawa.

Ta tambayeni zancen jelatin domin ta ga wasu suna sa wa don ya kame sosai. Na ce ba dole ba ne a wannan haɗin, kuma in zata saya ta duba jikinsa da kyau, jelatin da yawa a kasuwar duniya daga fatar alade ake yinsa, sai ta nemi wanda aka rubuta na saniya ne kuma halal, ko ta nemi agar-agar wanda daga ciyawar teku ake samunsa, shi yana ma kamewa ko ba firij amma sai an tafasa shi.

Baƙin sun zo bayan azahar, kofunan sun samu wajen awa shida a sanyi. Ta turo min hoto, hawa-hawan a tsaye, biskit ya jiƙa, ba ruwa a ƙasa. Hajiya surukarta ta sha rabi ta ce sanyin yayi mata yawa a haƙori a ajiye mata ya ɗan saki, ƙannen mijin kuma suka nemi ƙari. Abin da bai yi daidai ba shi ne na saman, yankakken mangwaron da ta ɗora don ado tun asuba ya ɗan dushe ya saki ruwa a kan farin kirim ɗin, wannan a gaba sai dai a yanka a ɗora lokacin fitarwa. Kofi huɗu suka rage, zuwa magariba ƙanƙarar ta kusa ƙarewa wuta kuma bata dawo ba, ta kira tana tambaya ko zasu kai gobe. Na ce a'a, ko a siyo sabuwar ƙanƙara yanzu ko a miƙa wa maƙota su shanye a daren, ta aika yaro da su gidan da ke jikin nasu.